Maƙwabta Ba Sa Anko

Hawa na uku, Ljubljana, dusar ƙanƙara na lasar taga.
Zvezdana ta gaji akwati bakwai na Farfesa Podlogar.
Shi ya tafi kiwon zuma a Kamnik,
ya bar mata ɗigo da layi,
layin da ba ya ƙetare ɗan'uwansa.

Doka ɗaya ce: maƙwabta ba sa anko.
In wannan ya sa ja, na gefensa ya nemi shuɗi,
ko kore, ko ruwan ɗorawa.

To ina hujja ta sha tara?
Wani fayil ya ce "na ƙarshe".
Wani ya ce "na ƙarshen gaske".

Ta zauna tsinta, kamar mai fid da tsakuwa a shinkafa:
tabbatacce dama, zato hagu,
abin da manhaja ta amsa ba dalili
tsakiya, da jan biro.

Biyun dare kwamfuta ta cije.
Ɗigo biyu, kafaɗa da kafaɗa, duk sun sa kore!
Lissafin lafiya lau.
Waƙafi ne ya ɓace a layi na tamanin.

Ta mayar da shi.
Ta rubuta kwanan wata, da abin da ta taɓa, da dalili,
saboda wanda zai gaje ta.
Shayinta ya daɗe da hucewa.