Ɗigon Ruwan Kwata a Agege

Ran Talata na ce, "Ku zano mini masanin kimiyya."
Yara talatin da biyu suka duƙufa.
Jirgin ƙasa ya wuce, tagogi suka yi kyarma,
aka miƙo takardu:
gemu, gemu, tabarau, farar riga, gemu.
Tanimu har da ƙarin sanƙo a nasa.
Mace ko ɗaya babu,
har a takardar Ladidi,
mai kwance rediyon babanta ta mayar.

Na ce, "An yi matan da suka ƙirga taurari da fensir,
aka buga lissafin da sunan wani.
An yi wadda aka hana kujera,
ta yi karatunta a tsaye, bakin ƙofa."
Suka yi hamma.
Labarin nesa ba ya ƙamshi.
Asabe na ta leƙen mai burodi.

Da dare janareton maƙwabta ya hana ni barci,
a nan na tuna Iya Tabawa.

Duk sun san ta:
tsohuwa mai ƙanƙara a bakin layin dogo,
mai faɗa in an jingina da firjinta.
Ba su san shekara talatin ta yi
ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan jinin mutane,
a ɗakin gwaji na asibiti ba.

Ran Laraba ta sauko daga keke
rungume da akwatin katako kamar jariri.
Ba ta yi dogon bayani ba.
"Kai, mai kunnuwa, ɗebo ruwan kwata a murfin kwalba."
Gambo ya ruga.
Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi,
ta juya madubi ya kamo rana,
ta murɗa, ta murɗa,
hannun da ke rawa wajen ba da canji
ya tsaya cak.

Ladidi ce ta fari.
Ta rufe idon da ya kamata ta buɗe,
aka yi mata dariya, ta sake.
Shiru.
Sai ihu: "Wayyo, Malama, masu rai ne!
Suna ta kutse kamar danfo a Oshodi!"
Layi ya watse, aka hau turereniya,
Iyabo na cewa ita ce ta biyu, wallahi ita ce.

Iya ta zauna a kujerata ba ta tambaya ba.
"Ranar da na fara aiki," in ji ta,
"ni kaɗai ce mai ɗankwali.
Maigadi ya miƙo mini tsintsiya,
ya zaci shara na zo.
Na karɓa.
Na share ƙarƙashin teburina, na zauna."

Tanimu ya ɗaga hannu:
"Iya, ke kika gano zazzaɓin sauro?"
"A'a, ɗan nan. Wasu suka rigaye ni.
Ni dai nakan kama shi yana laɓe a jini,
in faɗa wa likita sunansa
kafin ya ɗauke ɗan wata."

Ta goge gilashi da bakin mayafi,
ta ce a wanke hannu, da sabulu, tana kallo.

Ran Alhamis na sake cewa a zana.
Ba zan yi ƙarya ba, gemu bai ƙare ba,
na ƙirga goma sha ɗaya.
Gambo ya zana kwata kawai.
Amma Ladidi ta kawo mace mai ido ɗaya a rufe,
da ɗankwali ya karkace.
Na ce, "Iya Tabawa ce?"
Ta ce, "A'a,"
ta nuna mini ƙasan takarda,
inda ta rubuta sunanta
har fensir ya huda.

Da yamma Iya ta aiko:
wani ya bar mata yatsan mai a jikin madubi,
in an gano shi, ya zo ran Asabar
ta koya masa yadda ake gogewa.
Su tara suka ce su ne.