Jan Layi

Ƙarfe biyar na asuba, filin jirgin Damagaram,
ni da fitilar hannu da tsumma.
Ina zagaya shi kamar mai tayin raƙumi ranar kasuwa,
in shafa fiffike, in leƙa mai, in shinshina ƙarƙashin inji,
in ɗora yatsa a kan kowane noti.
Ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai ya iya ɓoye ciwo.

Ni ne Ajudan Barah, makaniki. Ba na tuƙi.
Shekara ashirin da shida bakina ke cewa
ya tashi, ko kar ya tashi.

Littafinsa na aljihuna, gefensa ya yi baƙi da gumi.
Ya ce kowace allura na da kore, da ɗorawa, da jan layi.
Kore gidanka ne.
Ɗorawa baƙunta ce, minti biyar ka yi sallama.
Ja kuwa, ko gaisuwa ba ta haɗa ku.

Ya ce iskar zafi tsararo ce,
kamar kunun da aka cika wa ruwa,
fiffike ya damƙa, ya rasa abin riƙo.
Kayan da ya ɗaga da sanyin safiya
ba zai ɗaga su da azahar ɗin bazara ba.

Ran nan, arewa da Tanut,
rijiya ta rufta da mai haƙa.
Muka same shi a kan tabarma, ƙafa ba kyan gani.
Zafi arba'in da biyar.
Na yi lissafi a bayan kwalin ashana:
mai, gado, likita, yaron, mu biyu.
Ubansa ya riga ya ɗora ƙafa a matakala.
Kilo sittin. Babu wurinsu.

"Dube ni," in ji shi, "ƙashi ne da riga."
Laftana Falmata ta dube ni.
Na dubi kwalin ashana.
Na ce, baba, sauka.
Bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Ya miƙo takalman ɗansa:
"Su fa, sun yi nauyi?"

A hanyar dawowa, duwatsun Birni sun fara leƙowa,
sai fitila ja ta kama.
Allurar mai ta sunkuya.
Injin ya yi tari sau biyu,
ya yi shiru.

Ba a tunani a nan. An yi tunanin tun bara,
tun bariya, sau ɗari, a ƙasa, da ido rufe.
Sandar hagu ƙasa, yanzu.
Juyin fiffike, riƙe shi a kore.
Hanci cikin iska.
Nemi fili.
Kira a rediyo, sau uku.
Rufe mai.
Kowa ya ɗaure, kai tsakanin gwiwa.
Ni na karanta, ita ta amsa,
muryarta kamar mai ƙirga canji a kanti.

Gona ce da ba a shuka ba, tsakanin gawo biyu.
Ƙasa ta taso mana da gudu.
Ta ɗaga hanci, ta jira,
ta jira har na ciji harshe,
sannan ɗan ƙarfin da ya rage a fiffike
ta kashe shi gaba ɗaya,
kamar mai awon hatsi da dalarsa ta ƙarshe.

Muka dira. Muka ja kunya biyu a gonar mutane.
Awaki suka watse, suka dawo.
Likita na riƙe da robar ƙarin ruwa a sama,
ya manta ya sauke hannu.

Kilo sittin.
Na fara cewa, "Da tsohon nan na ciki..."
Ta ce, "Ajudan, duba mini wutsiya."

Bayan kwana biyu ya iso a motar kasuwa.
Muka haɗu a ƙofar babban asibiti,
ɗansa na ciki, yana shan fura.
Na miƙa masa takalman.
Ya karɓa, ya kakkaɓe su, ya wuce.
Bai gaishe ni ba.

Gobe ma ƙarfe biyar.
An kawo sabon inji daga Yamai,
akwai noti goma sha huɗu
da ban saba da su ba tukuna.