Kabarin da Ya Gitta

Shekara arba'in da ɗoriya ina haƙa,
tun gatarin ubana na rinjayar kafaɗata.
Ƙasar bayan Ƙofar Yanɗaka ta san tafin hannuna:
ja a sama, marmara a ƙasa,
uwar kabari, sannan 'ya,
kai kudu, kafaɗar dama a ƙasa, fuska gabas.
Ko ido rufe, ba na kuskure layin.

Sai wata Laraba, damina na ban kwana,
aka ce Rahamin mai gyaran agogo ya cika,
Bayahuden nan ɗan Tarabulus
da ke kulle rumfa tun la'asar ɗin Juma'a,
wanda ya tada agogon ladan bai karɓi ko sisi ba.
Ba dangi sai 'ya ɗaya, Mas'uda.
Ta zo da wuyan riga a yage,
ita ta yaga, da hannunta.

Na kafa gatari kudu da arewa.
Ta ce, "Baba Tankari, ba haka ba.
Mu rigingine ake kwantar da mu,
ƙafa ke duban gari, ba fuska ba.
In an busa ƙaho, sai ya miƙe ya kama hanya,
kada ya tsaya waige-waige
yana tambayar ina Ƙudus."

Hannuna ya ƙi.
Na aika yaro ya kira Malam Falalu.
Ya zo, ya tsuguna, ya share rairayi,
ya ɗiga Katsina, ya ɗiga Makka,
ya ɗiga Baitul Muƙaddasi can sama kaɗan.
Tsakanin biyun bai cika taƙi ba.
Ya ce, "Mu ma can muka fara duba kafin a juya mu.
Haƙa masa yadda ta ce,
bayan shinge, gindin marken can."

Ta tsaya bayan zana tana faɗa, muna yi,
ni da Gagare mahauci da wani baduku maƙwabcinsa:
ruwa bokiti uku, kada zubin ya yanke.
Farin ƙyalle, ba aljihu, ba ƙulli.
Na ce a raina, wannan kam mun san shi.
Tsingaro biyu a kan ido.
Daga gwangwanin da yake ajiye ƙananan kusoshi
ta zaro ƙullin ƙasa, ba ta fi cokali ba,
ta ce ta can ce, ya daɗe yana ɓoyonta.

Wajen rufewa ta hana a miƙa shebur hannu da hannu.
Kowa ya soke shi a ƙasa, na baya ya zare,
kuma zubin farko da bayan shebur,
don kada ƙasa ta zaci muna ɗokin rabuwa.

Addu'arsu sai an cika mutum goma.
Ta duba dama, ta duba hagu.
Ta yi shiru,
muka taya ta shirun.

Ta ɗora tsakuwa ɗaya, ta wanke hannu.
Bayan kwana bakwai ta hau motar Kano.
Ko wasiƙa.

Yanzu yaran da nake koya wa haƙa
sukan nuna tudun, su ce wane makaho ya yi wannan aiki?
Nakan ce ni ne, kuma da idona biyu.
In na bi ta wurin nakan tsinci tsakuwa in ɗora,
ban san me take cewa ba,
na dai ga an yi.

Nawa gurbin na nuna musu tuni,
taku goma sha biyu daga marken, cikin shinge.
Ran da aka busa,
ni zan buɗe ido in ga gabas,
shi zai taka ta.
Hukunci na Mai hukunci ne, ban sa baki ba.
Amma hanyar ɗaya ce aƙalla har Daura,
kuma ina da tambaya tun tuni:
Rahamin, ƙarfe nawa?