Gibin Nevzat

A Izmir, bayan la'asar,
likita Gülizar ta cire wa Nevzat matauni,
ta jefa a faranti, ƙwal.
Shekara hamsin yana cin zaitun da shi.

Ta ɗura garin ƙashi a ramin,
fari kamar gishirin da ke bushewa
a igiyar jirginsa,
ta ɗinke dasashi da baƙin zare.

"Wata biyar," in ji ta.
"Sai ƙashinka ya saba da baƙon,
sannan mu kafa ƙusa, mu ɗora sabo.
Ba a gini a kan rami."

Ya hau jirgin yamma, kunci a kumbure.
Harshe na son leƙa wurin,
yana tsawata masa.
Burodin aljihunsa
ya gutsuttsura wa tsuntsayen teku.