Saura Biyar

Na buɗe littafin ƙungiya a Dadin Kowa
bayan mun sallami motar tumatir ta ƙarshe.
Na ja layi, na haɗa, na sake haɗawa:
dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin.
Lamba mai maimaita kanta
kamar baƙon da ba a amsa wa sallama ba.

Shekara talatin ina shaƙar ƙurar alli a Deba,
ban taɓa zaton zan tsince ta a kuɗin lambu ba.
Na san dangin nan nata:
biyu ta shiga jininta sau huɗu,
uku sau biyu,
sai biyar da bakwai, sha ɗaya, sha uku,
kowanne ya leƙo sau ɗaya ya wuce.
Masu taurin kai, ba mai raba su sai su,
ga shi sun haifi mai sauƙin hali.

Ku zo ku biyu, ta rabu.
Ku zo ku tara, ba ta musu.
Ku zo ku sha huɗu da tsakar dare,
ba wanda zai tafi da guntun rabo.
Ƙofa ɗari biyu da arba'in gare ta,
duk cikin ƙannenta ba mai ƙofofi haka.
Tamanin da ɗaya kawai ta rasa
da ta zauna murabba'i daram.
Kowa da inda aka rage shi.

Mu sha shida ne.
Na rubuta wa kowa dubu arba'in da biyar
da naira arba'in da biyar,
ko kwabo bai faɗi ƙasa ba.
Har na fara jin kaina.

Sai ga Kaltume a bakin rumfa,
takalmi a hannu, laka har idon sawu.
Ba ta ce uffan ba.
Barde mijinta ne ya haƙa mana magudana
kafin zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakar dashe,
ni kuma na ja wa sunansa jan biro.

Sha bakwai.
Lambar da ke yi wa kowa fara'a ta ɗaure fuska.
Na goge, na sake:
dubu arba'in da biyu, ɗari uku da casa'in da biyar,
saura biyar.

Giɗaɗo ya leƙa ta kafaɗata,
ya ce, "Malam, lissafin ya ɓaci."
Na ce, "Ɗazu ne ya cika kyau."

Biyar ɗin tana nan maƙale a bangon littafin,
tsohuwar takarda, ta yi laushi kamar ganyen rama.
Ba ta sayen ashana.
Duk sanda lissafi ya fito mini sumul,
sai in taɓa ta,
in ɗaga kai in dubi bakin rumfa.