Ƙashin Saƙa a Kan Gada

Asuba a gadar Desagwadero.
Tafkin Titikaka na hura sanyi a ƙeyarmu,
layi ya ƙi motsi,
wata ta goya buhun dankali kamar jinjiri,
ni kuma da ƙunshina, zan je Puno suna.

Aka ce in kwance, na kwance.
Ulu ja, ulu baƙi, mazari,
gurasa rabi, rigar jariri,
sai ga shi ya gangaro kan tebur:
ƙashin ƙafar lama, bai fi taƙi guda ba,
baki fiƙaƙƙe, jiki sumul,
don shekara sittin yana shan gumin mata.

Yaron kwastan ya ɗaga shi da yatsu biyu
kamar wanda ya zazzage kunama daga takalmi.
Ya ce, makami ne.

Na ce, ɗana, da wannan nake tsince zare,
da shi nake danne shi ya kwanta.
Tsuntsayen da ke kafaɗata, shi ya fito da su.
Bai taɓa zub da jinin kowa ba
sai nawa, sau ɗaya, ina 'yar tara,
kuma ni ce da laifi.

Bai yi dariya ba.
Ya jefa shi kwali, kan almakashi da lauje,
da wuƙar wani mai gyaran takalmi
wanda ke tsaye can, hula a hannu,
yana kallon ƙasa kamar shi ya yi sata.

An ce baƙo ko da ido makaho ne.
To, ni Benedikta Limachi,
na tsallake gadar nan tun tana katako.
Karatuna bai kai ya kawo ba,
amma na san abin da aka karɓa ba takarda
ya bi ruwa.

Ban ɗaga murya ba. Na ajiye ƙunshi, na zauna a kai.
Na ce, in doka ce ta karɓa,
doka tana da suna, faɗa mini sunanta.
Tana da hannu, ta sa hannu.
Rubuta ranar, rubuta sunanka,
rubuta ƙofar da zan buga in na dawo,
da kwana nawa kafin ku ce na yafe.
In kuma ba ka iya ba, kira na gaba da kai,
ina da gurasa, zan jira.

Layi ya yi tsit.
Mai takalmi ya mayar da hularsa.

Na gaban ya fito yana goge baki,
Tikona aka rubuta a ƙirjinsa.
Ya ɗauki ƙashin, ya juya shi,
sai na ga babban yatsansa ya sami kwarmin nan
da uwata ta bari, da uwarta,
ya zauna ciki daidai, ba lalube.
Wannan hannun ya girma kusa da masaƙa.
Bai faɗa ba, ni ma ban tona ba.

Ya ce, Mama, an riga an shigar a littafi,
sai an duba a ofis, Litinin.
Ya jawo takarda. Wurin sunan kaya
alƙalaminsa ya tsaya, ya daɗe.
Na ce, karanta mini abin da ka sa.
Ya ce: ƙashin saƙa, guda ɗaya.

Hatimi ya sauka, ƙwal.

Na tsallake da takarda a cikin hula,
hannun damana fayau, yana neman abin riƙo.
A bayana na ji mai takalmi yana gyaran murya,
yana cewa, ranka ya daɗe, ni ma
a rubuta mini.