Salsalar Ƙarfe

Kawu Nalado ba ya jin kira ta kunnen hagu.
Shekara goma sha biyu yana fita daga Farsha da asuba,
akwatin sifana a bayan keke,
ya shiga sansanin Njamena,
ya ɗaure noti, ya goge mai, ya dawo da ƙara a cikin kansa.
Bai taɓa tashi sama ba, ko tsawon kan dabino.

Amma tambaye shi gidan Sukhoi ka sha labari.
Sai ya gyara zama a kan tabarma,
ya jero su kamar tsohuwa tana lissafa dangi:
wane ya haifi wane, wane ya mutu bai bar baya ba.

Kakan, in ji shi, Su mai lamba biyu ne,
farfela a hanci, an haife shi ana jin ƙamshin babban yaƙi,
a ƙasar da ruwa ke zama dutse.
Daga baya hukuma ta garƙame gidan, shekara huɗu ba hayaƙi,
har aka sake hura wutar maƙera.
Sai na bakwai ya fito, fikafikai a maƙale baya
kamar kunnen jakin da ya yi fushi.

Na ashirin da biyu kuwa, nan muryarsa ke sauka.
Shi ne mai buɗe fiffike ya naɗe,
yadda shirwa ke yi in ta hango ɗan tsako.
Daga arewa ya zo mana, ba da sallama ba.
Kawu yana saurayi a hanyar Faya lokacin,
ya kwanta a ƙarƙashin motar gishiri
yana ƙirga abin da ya rage masa na addu'a.

Ka ga duniya, in ji shi:
ɗan'uwan wanda ya kore ni cikin rairayi,
shi na ƙare ina wanke wa ƙafa.
Na ashirin da biyar ke nan, gajere, mai kaurin fata,
mummuna kamar hankaka, ga haƙuri.
Na san haƙarƙarinsa fiye da nawa.
In yana ciwo, tun daga tari nake ganewa.

Na ashirin da bakwai a kalanda kaɗai ya gan shi,
dogo, wuya kamar na zalɓe.
Akwai ma auta, in ji shi, mai ɗaukar fasinja,
wanda ya ƙi sana'ar gidansu.
Ya yi dariya har shayi ya zube.

Ina da shekara tara ranar da biyu suka wuce ta kanmu,
kwanukan Gwaggo Lantana suka yi ta kaɗawa a kan kanta,
jemagun bakin Shari suka watse har Kusiri.
Da la'asar suka dawo.
Na ce, Kawu, da safe cikinsu cike yake,
yanzu ga shi sun dawo sakayau.
A ina suka sauke kayan?

Ya dubi kofin da ke hannunsa.
Ya juyo mini da kunnen hagu.

Yanzu ya bar aiki, yana narka sanholo a bayan gida,
ya zuba a ramin yashi, tukunya ta fito, ludayi ya fito.
Yara na ce masa ya ƙera musu jirgi,
ya ce hannunsa ya manta.
Salsalar dai tana nan, ba ta zube ba,
yakan karanta ta in an matsa masa,
biyu, bakwai, tara, goma sha biyar,
yana juya garwashi.

Tambayata ce kawai har yau ke zaune a tabarmar nan.
Jiya na kai masa goro,
ya miƙo mini ludayi, da sauran ɗumi,
ya ce, kai wa matarka, wannan ba ya dawowa wofi.